Filin Kwamfuta: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Wannan watan za mu taɓo wata magana da ke hana iyaye sakat a gidajen Hausawa na Khartoum da Omdurman. Yaro ya sa wasa a tsohuwar kwamfutar gida, hoto yana tsinkewa ko allo ya yi baƙi, sai ya ce lalle a sayo sabuwa. Mu kuwa cewa muke yi, a dakata tukuna.

Kowa ya san halin da ake ciki. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 bai bar Suk al-Sha'abi ba, an wawashe shaguna, jari ya karye. Magidancin da ya dawo gida a 2025 yana neman kuɗin ƙofa da taga, ina ya ga na sabuwar na'ura?

Ga yadda abin yake. A cikin kwamfuta akwai abin da ake kira katin hoto, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Yawancin tsofaffin na'urori ba su da kati mai zaman kansa, sai ɗan ƙarami na Intel da ke aron RAM. In aka ɗora masa wasan zamani, kamar an aza wa jaki kayan raƙumi ne.

To, daidai ruwa daidai tsaki. Wasan GTA San Andreas, wanda ya fito a kwamfuta a 2005, RAM mai megabayit 256 da kati mai megabayit 64 sun ishe shi tashi. Haka ma wasan ƙwallo na Pro Evolution Soccer 6 na 2006. Counter-Strike 1.6 na 2003 ya ma fi su sauƙi. Idan hoto ya yi nauyi, a rage girmansa zuwa 800 da 600, a kashe inuwa, a rufe duk wata manhaja da ke aiki a bayan fage.

Sai batun direba, wato manhajar da ke tuƙa katin. Takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya toshe mana shafukan kamfanoni da dama, don haka masu gyara suka saba zuba direba daga faifai ɗaya a kowace na'ura. A duba sunan katin, a nemo direbansa na ainihi. Sau da yawa nan ciwon yake.

Kada kuma a manta da zafi da ƙura. A watan Mayu zafin Khartoum kan wuce digiri 40, ga habub. Na'urar da ta yi shekara biyu a rufe a ɗaki, fankarta ta cika da ƙasa, kuma idan ta ɗau zafi ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A buɗe, a kakkaɓe.

Wanda kuma zai sayi ta hannu, kada ya yarda da daɗin bakin dillali. Ya ce a kunna masa wasan a gabansa, ya zauna rabin awa ya gani, sannan ya ciro kuɗi.

Yara kuma, wasa bayan karatu ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.