Dokar Da Ta Hana Bibiya Da Takurawa

Muna so mu jawo hankalin jama'ar Rabah da Wurno da Goronyo ga wata doka wadda take tasu ce, amma da yawa ba su san da ita ba.

Tun a 1960, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda shi kansa haifaffen Rabah ne, dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta hana a tsorata mutum da barazana, ta kuma hana a faɗa wa mace maganar da za ta keta mutuncinta. Sai dai akwai wata cuta da ta fi wannan wuyar kamawa, watau ta mutumin da bai zagi ba, bai daki ba, amma kullum yana tsaye a ƙofar gida, ko ya tare yarinya a hanyar rijiya, ko ya bi bazawara kasuwa, har tsoro ya hana ta fita.

A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, ta sa irin wannan bibiya cikin laifuffuka. Hukuncinta ɗauri ne har shekara 2, ko tara har naira 500,000, ko duka biyu. Da fari a Abuja kaɗai take aiki, sai a 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan irinta ta Jihar Sakkwato.

A ganinmu babban amfaninta shi ne umurnin tsaro, wanda alƙali ke bayarwa ya hana mai bibiya kusantar wadda ta kai ƙara, tun ɓarna ba ta auku ba. Rigakafi ya fi magani.

Gabashin Sakkwato ya fi ko'ina bukatar wannan. Tun harin Tabanni na 2018, da mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi, mata da yawa sun rasa maza da iyayen da a dā ke tsaya musu. Wadda ba ta da mai tsaya mata, doka ce gatanta.

To, amma dokar da ke kwance cikin Turanci a birnin Sakkwato ba ta tsare kowa a ƙauye. Lalle ne a riƙa karanta ta da Hausa a rediyo, hakimai da dagatai da limamai su bayyana ta ga talakawa. 'Yan sanda kuma su daina sallamar mai kuka da cewa ai bai taɓa ta ba tukuna. In an jira sai ya taɓa ta, dokar ba ta yi aikinta ba.