Sojan da Ke Mayar da Iska Ruwa

 Idan aka tambayi 'yan aji wa ke son aikin sojan sama, hannaye sukan tashi da yawa, kuma kusan kowa tuƙin jirgi yake nufi. To, yau ba matuƙin za mu duba ba. Akwai wani soja da ƙafarsa ba ta barin ƙasa, amma ran matuƙin yana hannunsa: shi ne mai kula da injinan da ke sanyaya iska har ta koma ruwa. Sunan fannin a kimiyyance kirayojeniks, daga wata kalmar Girkanci mai nufin tsananin sanyi.

Me ya haɗa soja da wannan aiki? Jirgin yaƙi yakan hau sama har mita 12,000. A can iska ba ta da kaurin da za ta ishi huhun mutum. Wanda ba shi da abin shaƙa, cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 hankalinsa zai gushe, sau da yawa ma ba tare da ya ji alamar komai ba. Dole ke nan jirgi ya tafi da guzurin iskar oksijin. Matsalar ita ce tukwanen iska irin na asibiti ko na masu walda suna da nauyi, kuma suna cin wuri. Amma idan aka mayar da oksijin ruwa, lita 1 tak takan ba da kusan lita 860 ta iskar shaƙa. Shi ya sa ɗan tankin da mutum ɗaya zai iya ɗauka yake isar matuƙi tafiya mai tsawo.

Ina ake samo wannan oksijin? Daga iskar da ke cikin ajinku yanzu haka. Kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kashi 21 oksijin, ɗan ragowar kuma mafi yawansa agon ne. Injin yakan zuƙo ta, ya tace ƙura, sannan kwamfireso ya matse ta. Matsi yana kawo zafi. Ku taɓa famfon keke bayan an gama ba taya iska za ku ji. Sai a huce ta, a cire mata laima da iskar kabon da muke fitarwa in mun numfasa, domin waɗannan biyun in aka bar su za su daskare su toshe bututu tun ba a je ko'ina ba. Daga nan sai a sake ta ta faɗaɗa. Iskar da aka matse, in aka sake ta, sanyi take yi. Wannan sanyin ake amfani da shi a sanyaya sabuwar iskar da ke shigowa, ita ma in an sake ta sai ta fi ta farko sanyi, a yi ta zagayawa haka har iska ta fara ɗiga. Wani injiniya Bajamushe, Carl von Linde, shi ya kafa wannan dabara a 1895, kuma a 1902 ya fara raba ruwan iskar zuwa sassanta.

Wurin rabawar ya kamata 'yan ajin kimiyya su nutsu, domin a nan ake yawan ruɗewa a jarrabawa. Oksijin yana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifili, naitirojin kuma a digiri 196 ƙasa da sifili. Wanne ya fi sanyi? Na biyun. Saboda haka idan ruwan iskar yana wajen digiri 190 ƙasa da sifili, wurin ya yi wa naitirojin "zafi", sai ya tafasa ya yi sama a cikin wata doguwar hasumiya, oksijin kuwa ya taru a ƙasa yana ruwa. Dabarar matatar mai ce sak, sai dai can da wuta ake yi, nan da sanyi. Don ku kwatanta: firizar gida tana tsayawa wajen digiri 18 ƙasa da sifili, kuma sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a tashar yanayi a doron ƙasa shi ne digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar Vostok ta nahiyar Antatika a 1983. Ruwan oksijin, af, launinsa shuɗi-shuɗi ne, kuma maganaɗisu yana jan sa.

Naitirojin ɗin ma ba a zubar da shi. Da shi ake cika tayoyin jirgin sama, saboda ba shi da laima kuma ba ya ciyar da wuta.

A Amurka wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta a cikin soja. Rundunar sojojin ƙundumbala ta ƙasar ta ba ta lamba 6074 a jerin ayyukanta, kuma manyan jiragen ruwan da ke ɗaukar jiragen yaƙi suna da nasu injinan a cikinsu, domin a tsakiyar teku babu inda za a aika a sayo. Aikin yau da kullum kuwa ba irin na fim ba ne. Duba ma'aunin matsi da na sanyi, rubuta abin da suka nuna a kan lokaci, sauya matata, neman inda ke yoyo, cika tankuna, da gwada tsabtar abin da aka samar. Oksijin da matuƙi zai shaƙa sai tsabtarsa ta kai kashi 99.5 cikin 100. Inji in ya fara aiki dare da rana yake yi, don haka akwai kwanan aiki. Wanda bai iya zama ya sa ido a kan allurar ma'auni na awanni ba, gara ya nemi wani fannin.

Haɗarinsa ba na wasa ba ne. Ruwan in ya zuba a fata yana ƙona ta kamar wuta, shi ya sa ake sa safar hannu mai kauri da garkuwar fuska. Oksijin shi kansa ba ya kamawa da wuta, amma yana sa komai ya ci da sauri: ɗigon man inji ko giris a kan bawul ya isa ya tayar da gobara, kuma kwaltar da ta sha ruwan oksijin tana iya fashewa in wani abu mai nauyi ya faɗo mata. Naitirojin kuma mugun shiru gare shi. Ba wari, ba launi, sai dai ya kore oksijin daga ɗaki. A watan Janairun 2021 ruwan naitirojin ya yi yoyo a wata masana'antar sarrafa kaji a garin Gainesville na jihar Jojiya a Amurka, ma'aikata 6 suka rasu. A ganina, babban abin da aikin ke nema a wurin mutum shi ne gaskiya: in ka tsallake wani gwaji ka rubuta cewa ka yi, wani ne zai shaƙi sakamakon a sararin sama.

Mu dawo gida. Rundunar sojojin saman Najeriya tana da injin samar da ruwan oksijin a sansaninta na Yola, kuma a 2020, lokacin annobar korona, daga can aka riƙa kai oksijin zuwa asibitoci da cibiyoyin killace marasa lafiya. Mai sha'awar wannan hanya ya riƙe lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai da Turanci da kyau. Rundunar tana neman kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Horon sababbin sojoji a Kaduna ake yin sa, kuma a Kadunan ne cibiyar fasaha ta rundunar take. Sai dai ku sani, a soja rundunar ce ke raba fannoni gwargwadon buƙatarta; kana iya nuna sha'awa, amma ba kai ke da zaɓin ƙarshe ba. Neman shiga kyauta ne. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sama muku gurbi, ɗan damfara ne. Haka wanda ya ce zai shigar da ku sojan Amurka daga nan: ƙasar ba ta ɗaukar kowa sai ɗanta ko mai takardar zama na dindindin.

Wani abu kuma da bai kamata a ɓoye muku ba: sababbin jiragen yaƙi irin su F-35 suna da na'urar da ke tato oksijin daga iska suna cikin tafiya, don haka buƙatar ruwan oksijin a kansu ta ragu. Amma ilimin bai tsaya a filin jirgi ba. Asibitoci na buƙatarsa, haka masana'antun ƙarfe. A tsibirin Bonny na jihar Ribas ana sanyaya iskar gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili kafin a loda ta a jirgin ruwa, kuma likitocin dabbobi a cikin ruwan naitirojin suke adana irin bijimai. Sojan da ya ƙware a wannan fanni, namiji ko mace, in ya ajiye kaki yana da wurin zuwa.

Ga tambayar wannan mako. Tankin jirgi yana ɗauke da lita 10 ta ruwan oksijin. Lita nawa ta iskar shaƙa zai bayar? Idan kuma matuƙi yana amfani da lita 20 a kowane minti, awa nawa za ta kai shi? Ku lissafa, ku nuna wa malamin kimiyyarku, amsa tana nan tafe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.