Alkamar Kura Da Bunkure: Ranar Shuka Ita Ce Riba

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Kano ke noman alkama a fadamu, suna ban ruwa da jigo, ana yin gurasa da alkaki da taliya. Sa'ad da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sai aka yi zaton an huta da sayen ta waje. Har gwamnatin Babangida ta hana shigowa da ita a 1987, amma dokar ba ta yi ƙarko ba. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya ta jirgin ruwa take zuwa, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 burodi ya yi tsada har a Kano.

Abin lura shi ne, a gonakin gwaji hekta ɗaya takan ba da buhu 40 ko fiye, alhali kuwa manomi da yawa, ga ruwan nan ga ƙasar nan, da ƙyar yake tashin 20.

Babban sanadi shi ne makara. Alkama 'yar hunturu ce, lokacin shukarta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris zai riske ta tana cikin yin ido, ƙwayar ta tsamure, mudu ya yi sakayau. Makarar kuwa ba ta lalaci ba ce. Wani shinkafarsa ta damina ba ta bar gona da wuri ba, wani kuwa kuɗin huɗa da iri da taki yake jira.

Bayan lokaci sai iri. Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri ta fitar da masu jure zafi, kamar Norman da Reyna-28. Sa'an nan shuka a layi ta fi watsi, taki a raba shi biyu, kada kuma ta sha ƙishi mako uku bayan shuka, lokacin da take kafa saiwa. Kacalla da ke toshe magudanai, lalle a yi mata gayya kafin a saki ruwa.

To, 'yan kasuwar Dawanau da ke ba manoma bashi, gara su bayar tun Oktoba, domin bashin Janairu asara ce ga mai ba da shi da mai karɓa. Malamai kuma, da yake su ake tambaya lissafin kwanaki, ya kamata su tuna wa jama'a watan sama zagayawa yake yi, amma hunturu lokacinsa ɗaya ne kowace shekara.