Zare: Kafin ka ɗauki hoto a filin jirgi, nemo ƙofarka

1/ Lokacin komawa makaranta ya yi, tun shekaranjiya nake ta ganin hotunan 'yan uwa a filin jirgin Doha. Wannan ya tsaya gaban ƙaton beyar ɗin nan rawaya, wancan ya riƙe kofin gahawa, wata ta ɗauko shagon turare. Ma sha Allah. Amma ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Ku yi haƙuri da tsawon zaren.

2/ Ni a ganina, mu da muka riga muka yi tafiyar nan muna cutar ƙannenmu. Muna nuna musu yada zango kamar zuwa wurin shaƙatawa, ba ma gaya musu cewa a 'yan awannin nan ne mutum ke iya zubar da kuɗin da iyayensa suka yi shekara suna tarawa. Ba labarin wani zan ba ku ba, nawa ne.

3/ Tafiyata ta farko ce zuwa Malesiya, daga Kano, a sauka Doha, a canza jirgi zuwa Kwala Lumfur. Kafin ranar ban taɓa shiga jirgi ba, ko na Abuja. Duk abin da na sani game da filin Hamad daga hotunan yayyenmu ne: beyar, shaguna, kujeru masu laushi. Babu wanda ya ce min, "Kai, Doha ta riga Kano da awa 2."

4/ Muka sauka, aka sake binciken jakunkunan hannu, na fito tsakiyar wurin na saki baki. Beyar ɗin kusan mita 7 ne, da fitila a kansa, aikin wani mai fasaha ɗan Suwizalan, Urs Fischer. Na roƙi wani Bafillatanin Gini ya ɗauke ni hoto har kala biyar. Na zaga shagon agogo, na fesa turaren gwaji har kaina ya fara ciwo, alhali ko kwalba ɗaya ba zan iya saya ba.

5/ Da na gaji sai na samu ɗakin hutawa na kyauta, irin mai kujerun kishingiɗa, maza daban mata daban. Jirgina ƙarfe 2:15 na dare. Na sa ƙararrawa 12:45, na ce ai awa ɗaya da rabi ta ishe ni har in yi alwala. Ashe wayata tana kan lokacin Kano, tun tuni na kashe wurin da take gyara lokaci da kanta, ban ma tuna ba.

6/ Ku yi lissafin da kanku. Sanda ƙararrawa ta buga, a Doha 2:45 ne. Jirgi ya yi rabin awa a sama, ni ina miƙa ina hamma.

7/ Abin da ya fi min ciwo har yau: agogo ko'ina a wurin, a kan kowane allo. Sau biyu na ga lokacin allo bai yi daidai da na wayata ba, zuciyata ta ce tambayi wani, sai wata zuciyar ta ce kar a gane kai baƙauye ne. Wallahi kunya ce ta sa na rasa jirgin nan, ba rashin Turanci ba.

8/ Wanda ya cece ni wani ma'aikaci ne ɗan Gana, ɗan zangon Kumasi. Ya ji ina ta innalillahi ni kaɗai, ya ce, "Ɗan'uwa, me ya faru?" Shi ya kai ni teburin masu canza jirgi, ya tsaya har aka duba sunana. An sauke akwatina daga jirgin, haka doka take idan mai kaya bai shiga ba. Aka ce sai na biya tara da cikon kuɗin sabon tikiti.

9/ Sai kiran Baba, a Kano dare ya raba. Ya ɗauka a bugu na biyu, wato bai yi barci ba, yana jiran in ce na hau. Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai dai lafiyarka ƙalau ko?" Na ce lafiya lau Baba. Ya ce to Allah Ya kyauta, da safe zai san yadda za a yi. Daga baya Umma ta gaya min kuɗin da aka ware wa ƙanwata na makaranta aka taɓa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

10/ To ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya min. Da ka sauko, kar ka bi ayarin mutane haka kawai, da yawansu fita gari za su yi. Bi alamar masu canza jirgi. Ka nemi allon jirage, ka duba da lambar jirginka, ba da sunan gari kaɗai ba, don jirage biyu na iya zuwa gari ɗaya a dare ɗaya. Ka gyara agogonka nan take.

11/ Sannan ka taka da ƙafarka har ƙofar, ka gan ta da idonka, ka auna minti nawa ka ci. A Hamad ɓangarorin daga A ne zuwa E, har ƙaramin jirgin ƙasa ne a cikin ginin saboda nisa. Wata ƙofar ma bas ake zuba ku a kai ku gindin jirgi, irin wannan da wuri ake fara ɗiba. Idan ka ga ƙofarka, to je ka yi hotonka, ba wanda ya hana.

12/ A katin shiga jirgi akwai lokacin fara shiga, akwai lokacin tashi. Na farkon ne naka. Ana rufe ƙofa kamar minti 20 kafin tashi, kuma magiya ba ta buɗe ta. Ƙofa kan canza, don haka duba allo lokaci zuwa lokaci. Kar ka zauna jiran a kira sunanka a lasifika kamar tashar mota, manyan filaye da yawa sun rage sanarwa, idan ma an kira, yadda za su furta sunanka ba lallai ka gane kai ake nufi ba.

13/ Yanzu tarkon da ya fi nawa muni: tikitin araha mai gida biyu. Za ka ga wani ejan ko wani shafi ya haɗa maka jirage biyu da rangwame mai daɗi, ashe tikiti biyu ne daban, ba su san juna ba. Idan tikitinka ɗaya ne, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani, akwatinka kuma ya wuce kai tsaye. Idan biyu ne, asararka ce kai kaɗai.

14/ Ba a nan ta tsaya ba. Da tikiti biyu sau da yawa sai ka fita ka ɗauki akwatinka ka sake awo, wato sai ka wuce jami'an shige da fice, wato kana buƙatar bizar ƙasar. Da koren fasfonmu kuwa kun san yadda wannan maganar take. A Istanbul filaye biyu ne, babban a ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, tafiyar fiye da awa guda a mota. Ka sauka a ɗaya, jirginka na gaba yana ɗayan, ba biza. Sai yaya?

15/ Tambaya biyu kafin ka tura wa kowa kuɗi: lambar tikitin ɗaya ce har ƙarshen tafiya? Akwatina a ina zan karɓa? Idan aka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

16/ Abinci. Riyal ɗin Katar 3.64 ne a dala ɗaya, to duk farashin da ka gani ka raba shi, ka juya zuwa naira kafin ka miƙa kati, za ka ji yunwar ta ragu da kanta. Dabino, biskit da gyaɗa a jaka sun isa riƙe ciki. A yawancin filaye ruwa ko lemo da ya wuce mil 100 ba ya wuce wurin bincike, amma gorar da ba komai a ciki tana wucewa, ka cika ta a famfon sha na ciki. Kilishi da dambun nama kuwa ku bincika dokar ƙasar da za ku, wasu ƙasashen ƙwacewa suke har da tara.

17/ Masu sayen turare a shagunan da ba haraji: idan akwai sauran canjin jirgi a gaba, kar ku buɗe ledar da aka liƙe muku, kuma rasit ya zauna a ciki. Kuma "ba haraji" ba ya nufin araha. Duba farashin a waya tukuna.

18/ Falon manyan baƙi, wanda ake ce wa lawunj, nan ne za a ce hassada nake. A'a. Idan zamanka awa 8 ko 10 ne, kana da kuɗin, to wanka da abinci da wurin caji na iya cin kuɗinsu, ni ma sau ɗaya na shiga kuma ban yi nadama ba. Abin da nake ƙi shi ne ɗalibi mai zaman awa 3 ya biya kuɗin cefanen sati biyu don ya ɗauki bidiyon faranti. Masallaci kyauta ne, ɗakin hutawa kyauta, intanet kyauta, lambun nan na cikin gini da aka buɗe a 2022 shi ma kyauta.

19/ Idan zaman ya yi tsawo sosai, wasu kamfanonin kan ba da ɗakin otal bisa sharuɗɗa. Ba za su bi ka da shi ba, sai ka tambaya, kuma tun kafin ranar tafiya.

20/ Wani zai ce ai kowa da kuskure yake koyo, a bar yara su ji daɗinsu. Na ji. Amma kuskuren nan ba kai ke biya ba, gida ake biya. Kuma ba mu kaɗai ba ne a wurin. Duk tafiya sai na ga wata Hajiya ko wani dattijo mai zuwa Umara ko asibiti, riƙe da katinsa yana waige-waige, matasanmu na wuce shi da abin sauraro a kunne. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, mu ga katin," ka raka shi ƙofarsa. Minti goma ne.

21/ Ƙanin abokina zai bi hanyar ranar Asabar, karon farko. Jiya ya ce in turo masa hotona na gaban beyar ya ga inda zai tsaya. Hoton yana wayata, ban taɓa ɗora shi ko'ina ba. Na tura masa, na haɗa da hoton rasit ɗin tarar.