Dogon Da Ya Tsaya A Kumasi

Nsawam, garin da ke bayan Accra, yana da tashar jirgin ƙasa tun zamanin Turawa, inda ma'aikata suka daɗe suna hawa su shiga birni da safe, su komo da yamma. Tamale kuwa, hedikwatar Arewa tun 1907, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba.

Kada a ce mana nisa ne. Dogo ya iso Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, alhali Kano ta fi mu nisa da teku. Can auduga Bature yake nema, sai ya shimfiɗa ƙarfe. Nan ƙarti yake so don haƙar zinariya da noman koko a Kudu, su kuwa ƙafa ta ishe su.

An sami 'yanci a 1957, amma har yau doyarmu da shanunmu sai manyan motoci, ta hanyar Kintampo mai cin rayuka. Jama'ar Zango, duk mai neman ƙuri'a mu tambaye shi: yaushe layin Kumasi zuwa Paga zai iso? In ya yi shiru, mu yi masa shiru ranar zaɓe.