Daga Kebbe Zuwa Ƙofar Jami'a: Wa Zai Biya Kuɗin Hanya?

Wannan makon ni aka bai wa fili, kuma tun farko ina neman afuwa, domin ba maganar jigo ko dabarar tsara labari na zo da ita ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san da yawa a wannan zaure ɗalibai ne, ko waɗanda suka so zama ɗalibai abin bai yiwu ba.

Akwai wani abokina da muka gama sakandare tare, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe. Ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, shi ne mai koya mana lissafi da dare idan jarrabawa ta matso. Ya ci JAMB, ya samu gurbin karatu a Sakkwato, ranar da takardar ta fito har gida na je na taya shi murna. Mahaifinsa ya sayar da rago da buhunan gero ya haɗa kuɗin rajista. Ina zaune a zauren dattijon ya dube ni ya ce: "Ɗana, kuɗɗin makaranta mun samu. Amma ina za shi kwana, mi za shi ci?" A lokacin na ɗauka irin fargabar tsofaffi ce kawai. Yaron bai samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ya raɓa a ɗakin wasu 'yan garinsu, daga baya ya koma kwana a masallaci, garin kwaki safe da dare. Ya jure shekara ɗaya. A ta biyu ya zo hutu bai koma ba. Yau yana da teburin POS a bakin titi, kuma har yanzu idan na tsaya wurinsa ya fi na'urar saurin lissafi.

Ni kuwa na gama difloma. Bambancina da shi ɗaya ne tak: ina da gwaggo a cikin garin Sakkwato. A zaurenta na kwana shekara biyu, daga tukunyarta na ci. Idan da adalci, rabin takardar diflomar nan sunanta ya kamata a rubuta a kai.

Ba zan ce gwamnatocin Jihar Sakkwato sun naɗe hannu ba, domin ƙarya ce. Da aka cire Kebbi a 1991, kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ta bi sabuwar jiha. Da aka cire Zamfara a 1996, ta Talatar Mafara ita ma ta tafi. Sai a 2002, zamanin Attahiru Bafarawa, jihar ta kafa tata, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Ali Shinkafi. Aliyu Magatakarda Wamakko ya kafa Jami'ar Jihar Sakkwato a 2009, ta fara karatu a 2013. Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015, kuma a 2022 aka samu Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari daga jikin tsohuwar kwalejin horar da malamai da ke nan tun 1970. Ga kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Gwamnatin Tarayya tun 1975. Kujeru sun ƙaru, wannan ba abin musu ba ne.

To amma ka ɗauki taswirar jihar ka ɗiga alƙalami a kan kowace daga cikin waɗannan makarantu huɗu. Ɗigon duk wuri ɗaya zai taru, cikin birnin Sakkwato ko gefensa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kilomita wajen 100 ce, mutumin Kebbe kuwa sai ya sha wata tafiyar kafin ma ya fito babban titi, a hanyoyin da a 'yan shekarun nan ba kowane lokaci ake bin su da kwanciyar hankali ba. Kuɗin rajista ɗaya ne ga ɗan Mabera da ɗan Kuchi, amma kuɗin zama ɗalibi ba ɗaya ba ne. Ɗan Mabera zai ci tuwon gidansu, ya hau Keke Napep ya je lakca, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Ɗan Kuchi sai ya biya haya, ya sayi abinci, ya sayi ruwa, ya biya mota zuwa da dawowa duk hutu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce nan, kuɗin mota ya bi ta, abinci ya bi mota. Duk wanda ke maganar faɗaɗa damar shiga jami'a bai sa wannan a lissafinsa ba, 'ya'yan birni yake faɗaɗa wa.

Me ya sa kuɗin gwamnati ya fi son gini da sabon allon suna? Akwai dalili, kuma yana da kyau mu fahimce shi kafin mu yi ta zagi a Facebook. Yawancin sabbin gine-ginen da kake gani a manyan makarantun gwamnati, idan ka duba bango za ka ga tambarin TETFund. Asusun nan ya samo asali ne daga gwagwarmayar ƙungiyar ASUU, aka kafa shi a 1993 da harajin kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, aka sake masa fasali a 2011, harajin kuma ya kai kashi 3 a 2023. Yana ba jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi, na tarayya da na jihohi, kuɗin gini da kayan aiki da tura malamai ƙaro karatu. Amma ba ya biyan albashi, ba ya biyan kuɗin lantarki, ba ya ciyar da kowa. Saboda haka gwamna yana iya kafa makaranta ya san cewa Abuja za ta taya shi gina ta, ya yanka kirtani, a ɗauki hoto. Ɗawainiyar kowane wata, wadda ba ta da ranar buki, ita ce ke kan baitulmalin jiha, kuma ita ce ake fara matsewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. ASUU ta daɗe tana kukan cewa ana haihuwar jami'o'in jihohi ba a shirya renonsu ba. Ita kanta Gwamnatin Tarayya a Agustan 2025 ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai.

Shi ya sa duk lokacin da na ji samarinmu suna cewa a kawo mana jami'a Tambuwal tunda mun yi kakakin majalisa mun yi gwamna, ba na tafa musu. Na fahimci zafin, ni ma ɗan nan ne. Amma jami'a ta uku a wuyan jihar da ke fama da ɗawainiyar biyu, raba ɗan tuwon ne ya zama loma-loma kowa ya kwana da yunwa. Mu leƙa maƙwabta: Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi tun 2006, kuma ta fi Sakkwato kusa da Tambuwal. Sai dai ɗan Tambuwal a can baƙo ne, ba ɗan jiha ba, kuma a jami'o'in jihohi baƙo ba ya biyan abin da ɗan gida ke biya. Ga makaranta a bayan gida, layin da aka ja a taswira a 1991 ya mayar da ita ta wasu. Me zai hana jihohin biyu su zauna su yi yarjejeniya, 'ya'yan ƙananan hukumomin kan iyaka su biya kuɗin 'yan gida a kowane ɓangare? Wannan ba ya buƙatar bulo ko ɗaya.

Wani zai ce ai ga NELFUND. Gaskiya ne, tun Mayun 2024 aka buɗe neman bashin karatu, babu kuɗin ruwa, ana biyan makaranta kuɗinta kai tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba a fara karɓa sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ina ba duk ƙanena da ke makaranta shawara ya nema, kuma da akwai shi a lokacin abokina wataƙila da labarin ya sauya. Amma bashin na wanda ya riga ya shiga ne, mai takardar gurbi a hannu, mai lambar NIN da BVN. Bai san da yarinyar da ba ta taɓa dafa linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, alhali tun 2015 JAMB ba ta da sauran takarda da fensir. Bai san da wanda aka tura cibiyar jarrabawa a wani gari mai nisa, ya kwana a tasha, ya shiga ɗaki ido jajur ba. Kuma naira 20,000 ba ta kama ɗaki a Sakkwato ta ciyar da mutum wata guda. Bashin tarayya ne, bai sauke wa jiha nata nauyin ba.

Ga abin da nake ganin ya fi sabuwar jami'a amfani gare mu. A gina ɗakunan kwana, da yawa, masu ruwa da wuta, kuma a rabon gado a fara da wanda garinsu ya fi nisa, ba wanda ya fi saurin intanet ko ya san wani a ofis ba. Ɗan Kebbe da ɗan Isa da ɗan Gudu su riga ɗan Runjin Sambo samun gado, ban ga zalunci a nan ba. Jihar tana da hukumar tallafin karatu, kuma gwamnatoci sun sha biya wa ɗalibai kuɗin rajista, Allah Ya saka. Amma a ƙara wani kaso na nisa a kai, kuma a biya shi a makon farko na zango. Tallafin da ya zo bayan yaro ya tattara kayansa ya koma gida, ihu ne bayan hari.

Sannan a kawo shekarar farko kusa da mutane. Ba jami'a nake nufi ba, reshe nake nufi: azuzuwan share fage da na difloma a ƙarƙashin makarantun da ake da su, a cikin ginin da ke tsaye, da ɗakin kwamfuta wanda zai zama cibiyar JAMB idan lokacinta ya zo. Muna da shaida a gabanmu. Kwalejin koyon aikin jinya da ke Tambuwal ta nuna abin da kusanci ke yi. Na san gidajen da ko a mafarki ba za su bar 'ya mace ta tafi zaman haya a Sakkwato ba, amma sun bar ta ta shiga wannan saboda uba yana iya hawa babur ya dubo ta ya dawo kafin la'asar. Ana yawan cewa iyayenmu ba sa son karatun 'ya'ya mata. Wasu haka ne. Amma da yawa ba karatun suke ƙi ba, nisan suke tsoro, kuma wanda ya ga ɗakunan da ɗalibai ke haya a wasu unguwanni ba zai ga laifinsu ba. Sai dai aikin jinya fanni ɗaya ne, gurabensa kuma ƙididdigaggu ne. Wadda ke son koyarwa ko lissafin kuɗi ko nazarin Hausa fa? A ƙasar nan Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka su koyar da mata a inda suke, kusan shekara 200 da suka wuce. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Na san za a ce reshe yakan zama makarantar jeka-na-yi-ka, malamai su zo sau ɗaya a wata su sayar da takardu su tafi. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma idan haka za a yi gara a bari. Amma maganinsa shi ne dai abin da nake ta faɗa: kuɗin kowane wata. Malamin da aka ba gida da alawus na zaman karkara zai zauna. Ana samun kuɗin tura ɗalibai ƙasashen waje, ban ce a daina ba, likitoci muke buƙata. Ina dai so wani ya lissafa mana yara nawa 'yan Dogon Daji da Sanyinna da Margai kuɗin mutum ɗaya a waje zai riƙe a Sakkwato har su gama.

Yanzu bari in juyo gare mu. Ina karanta labaran da ake sakawa a wannan zaure, har da nawa. Jaruminmu kullum ya gama digiri a Ingila ko Dubai, ya dawo ya karɓi kamfanin mahaifinsa. Jarumarmu direba ke kai ta jami'a. Ban hana kowa ba, mai karatu ma yana son ya huta da talauci. Amma ban taɓa cin karo da labarin yaron da ke ɓoye jakarsa a bayan tabarmin masallaci kafin asuba don kada ladan ya gane a nan yake kwana ba, ko na uwar da ke ƙulla ƙuli-ƙuli da yaji a leda ta ba direban Sakkwato saƙo. Mu ne muka san waɗannan mutane, wasunmu ma su ne. Ɗan majalisar da ke duba kasafin kuɗi yana ganin adadin gine-gine a takarda, ba ya ganin wanda ya zo hutu bai koma ba, domin babu ofishin da ke rubuta sunansa.

Makon jiya na tsaya wurin abokin nawa cire kuɗi. Ƙanensa ya gama sakandare bana, sakamakonsa ya yi kyau, har da Turanci da lissafi. Na tambaye shi ko za a saya masa fom ɗin JAMB. Ya ƙirga mini kuɗina sau biyu, ya miƙo, sannan ya ce: "Gwaggon nan taka, har yanzu akwai wuri a zaurenta?"