Kuɗin Talla Bai Kamata Ya Yi Wata Biyu A Hanya Ba

Mai shafin intanet a Kano ko Kaduna da ke cin abinci da tallan da Google ke sakawa a shafinsa ta tsarin AdSense, da mai tashar YouTube da ake sallamarsa ta wannan hanya, ƙa'ida ɗaya ce a kansu. Sai wata ya ƙare ake haɗa lissafi, a tabbatar da shi a kwanakin farko na sabon wata, sannan a saki kuɗi tsakanin ranar 21 da 26, shi ma in abin da ya taru ya kai dala 100. Ke nan tallan da mai karatu ya gani ranar 1 ga Janairu ba za a aiko kuɗinsa ba sai 21 ga Fabrairu. Aikowa kuma daban, isowa daban. A Najeriya ta bankunan ƙasa da ƙasa kuɗin ke biyowa, kuma kamfanin da kansa ya ce hakan na iya cin kwanakin aiki 15. A ganina wannan jira ya wuce zamaninsa, kuma mafi yawansa ba shi da wata hujja.

Wanda jiran ya fi ci shi ne ƙaramin mai shafi. Babbar jarida tana da wasu ƙofofin samu, za ta iya haƙuri. Matashin da ke rubuta labaran garinsu kuwa kullum sai ya sayi data, ya zuba mai a janareta, ya ba wanda ya ɗauko masa hoto kuɗin mota, kuma babu mai ɗaga masa ƙafa zuwa ranar 21. Ga shi farashin talla a kasuwarmu bai kama ƙafar na Amurka ko Ingila ba, don haka wanda mafi yawan masu karanta shi ’yan gida ne yana iya yin watanni kafin ya haɗa dala 100. Kuɗinsa ne, ya yi musu aiki, yana ganin adadinsu a allo, amma ba shi da ikon taɓa su. In sun taso kuma, bankunan da ke tsakani kan yanki rabonsu kafin saura ya iso. Tun kafin wannan ma akwai wani shinge: da zarar asusu ya kai dala 10, sai a aiko lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi. Duk wanda ya san unguwanninmu da yawa da babu lambar gida ya san abin da wannan ke nufi.

Abin da ya sa nake cewa jinkirin zaɓi ne, ba dole ba, shi ne hanyar tana nan. Tun 2011 NIBSS, cibiyar da ke daidaita hada-hadar bankuna, ta kafa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya, kuma yau mai shago da mai POS ba sa sakin kaya sai alat ya shigo, abin da ba ya wuce ’yan daƙiƙu in layi na da kyau. Lambar BVN da ta NIN sun fi ambulan gidan waya tabbatar da ko wane ne mutum. A Turai da Amurka, Google na zuba wa masu shafuka kuɗi kai tsaye ta tsarin bankunan ƙasashensu. Kamfanin da ke da ofis a Legas bai rasa yadda zai yi haka a nan ba.

Masu kare tsarin sukan ce ana buƙatar lokaci saboda ’yan damfara, masu sa na'ura ko abokai su riƙa latsa talla don kumbura lissafi. Wannan gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan a biya kowa kafin a tace, domin in masu ba da talla suka daina yarda da lissafin, kowa ya yi asara. Sai dai a duba jadawalin da kyau. A farkon wata ake cire abin da aka gano na bogi a tabbatar da saura. Kusan mako uku da ke biyo baya, da makonnin da kuɗi ke yi a tsakanin bankuna, ba tacewa ake yi a cikinsu ba. In akwai asusun da ake zargi, a riƙe nasa. Wanda ya yi shekaru ba a taɓa kama shi da maguɗi ba, ya cancanci a sallame shi da zarar an rufe lissafi. Haka ma ma'aunin dala 100: yana da ma'ana a zamanin da ake buga cek a aiko ta gidan waya, amma tura kuɗi ta tsarin cikin gida bai kai wannan tsada ba.

Akwai kuma masu tsoron cewa biya nan take na nufin biya da naira, kuma tsoronsu na da tushe. Daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,400, kuma wanda ya riƙe dala ya tsira. Amsar ita ce a ba mutum zaɓi. Mai son ajiya ya karɓa a asusun dala, mai buƙatar sayen mai gobe da safe ya karɓi naira yau a farashin da aka bayyana masa tun kafin ya amince. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ga wanda aikinsa zai tsaya.

Ba Google kaɗai ke da aiki a nan ba. Babban Bankin Najeriya, da kullum ke neman dala ta shigo ta halastacciyar hanya, ya kamata ya ɗauki kuɗin talla a matsayin kuɗin aikin da ’yan ƙasa suka sayar wa waje, ya sa wa bankuna wa'adin zuba shi a asusun mai shi, ya kuma tilasta musu bayyana abin da suka cire. Masu shafuka da tashoshi kuma su daina kuka ɗai-ɗai. Su haɗa kai su kai buƙatunsu a rubuce ga kamfanin da Babban Banki: a rage ma'aunin dala 100, a karɓi BVN ko NIN a madadin takardar gidan waya, a biya cikin makon da aka rufe lissafi.